Hawan Sallah da Kwaikwayon Yaƙin Dā a Arewacin Zazzau: Darasi daga Masu Farfaɗo da Yaƙe-yaƙen Girka da Farisa

Hawan sallah ne fagen da ya rage a ƙasar Zazzau inda ake iya ganin siffar rundunar yaƙi ta zamanin dā tana tafe a bainar jama'a. Sau biyu a shekara, a ƙaramar sallah da babba, hakiman masarautar kan hallara a birnin Zariya tare da dagatai da barori, cikinsu har da na gundumomin da ke ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan. Akan fara da hawan idi, hawan bariki da hawan daushe su biyo baya. Kowane hakimi yana da gurbinsa a jeri, yana da makaɗansa da masu yi masa kirari, a gabansa kuma ga zagage da 'yan ƙasa. Idan ayari ya iso ƙofar fada, sai mahaya su fito rukuni-rukuni a sukwane, takubba a zare, su nufi inda sarki yake, su ja linzami su tsaya cik cikin ƙura, su yi jinjina. Wannan ita ce jahi. Amon tambari da kakaki na tashi, ƙaurin albarushi ya cika wuri, 'yan lifidi da 'yan sulke suna kewaye da laimar sarki.

Jaridu da masu tallata yawon buɗe ido sun saba bayyana wannan biki a matsayin kwaikwayon yaƙin kaka da kakanni. Maganar tana da gaskiya, amma ba ta cika ba. Hawa ya adana suturar yaƙi da jerin muƙamansa da kiɗansa. Ilimin yadda ake gwabzawa da waɗannan kaya kuwa ya kusa ɓacewa. Bugu da ƙari, yaƙin da hawa yake nunawa shi ne wanda mai doki ya gani daga kan sirdi. Aikin masu farfaɗo da yaƙe-yaƙen Girkawa da Farisawa a Turai da Amurka yana taimakawa wajen gane waɗannan giɓi biyu, domin sun yi nisa wajen cike na farko, kuma har yanzu suna fama da na biyu.

Abin da hawa ya gada daga fagen fama

Kayan da ake gani a jikin mahaya sun daɗe a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Ya kuma danganta kakaki da figini da dawakin zage ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. A Zazzau, sunan Amina 'yar Bakwa Turunku ne ya manne da yaƙi da gina ganuwa, duk da cewa masana sun saɓa kan zamaninta, wasu na sa ta a ƙarni na 15, wasu a na 16.

Lifidi riga ce mai kauri da ake ɗinkawa da yadin auduga a cusa mata audugar rimi, a yi wa mahayi tasa a yi wa doki tasa. Aikinsa tare kibiya, musamman mai dafi, wadda ƙwarzane kaɗan ya isa ta kashe doki. 'Yan lifidi ba su da yawa a kowace runduna, kuma yawancinsu bayin sarki ne. Nauyin kayan yakan sa sai an taimaka musu kafin su hau, in kuwa suka faɗi tashi ya yi wuya. Wuta ce babbar abokiyar gabarsu, domin audugar rimi ba ta jira. Sulke kuwa zobba ne na ƙarfe da aka sarƙa, ya fi lifidi sauƙin motsi kuma ya fi shi tsada. A. D. H. Bivar, a binciken da ya buga a 1964 kan makaman Arewa, ya nuna cewa da yawa daga tsofaffin sulkunan da ke gidajen sarauta daga waje aka shigo da su ta hanyar fataucin Sahara. Sauran kayan su ne takobi da kansakali da mashi da asigiri, da garkuwar fata babba da ƙarama, sai kwari da baka a hannun dakaru.

Muƙaman da ke bin juna a jerin hawa su ma taswirar runduna ce. Madaki shi ne shugaban mayaƙan dawaki. Dallatu ke kula da sansani idan sarki ya fita yaƙi. Shamaki na da bargar sarki, Lifidi na da 'yan lifidi, Sarkin Baka na da maharba, ga Barde da Jarmai da Garkuwa waɗanda sunayensu ma na jarumta ne. M. G. Smith ya fayyace wannan tsari a littafinsa Government in Zazzau na 1960, ya kuma nuna yadda Sarkin Zazzau Yero ya ƙarfafa rukunin 'yan bindiga daga cikin bayinsa, abin da ya ƙara wa sarki iko a kan hakimansa. Ƙarar bindiga da ake ji a hawa yau gadon wannan sauyi ne na ƙarshen ƙarni na 19, ba ta kai lifidi tsufa ba ko kusa.

Hawan kansa yana da aiki a wancan zamani. Lokaci ne da sarki ke ganin dawakin kowane hakimi da idonsa, ya san wanda ya cika alkawarin tanadin mahaya da wanda ya gaza, hakimai kuma su sabunta mubaya'a. A Zazzau akwai wani dalili da ya haɗa filin idi da yaƙi. Ruwayar da dangin Sarkin Zazzau Makau suka adana ta ce yana filin idi a wajen ganuwa lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Musa Bamalli da Yamusa ta auka masa, bai sami komawa cikin birni ba, ya yi kudu zuwa Zuba. Masana tarihi da dama na sa wannan a ƙarshen 1808. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja.

Sauyin da mulkin mallaka ya kawo

A 1902 sojojin Ingila suka zauna a Zariya a zamanin Sarki Kwasau. Daga nan ne rundunar Kanar Morland ta tashi a ƙarshen Janairun 1903, ta bi hanyar arewa, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A Kwatarkwashi cikin wannan watan mahayan Kano sun yi ta kai hari a kan sahun sojojin da suka yi murabba'i, harsashi ya hana su isa. Daga wannan shekara doki ya daina zama makami.

Turawa ba su kashe hawa ba, sun juya shi ne. Sun zo da al'adar taron sarakuna da suka saba yi a Indiya, suka ɗora ta a kan hawan da suka tarar, aka sami hawan daba: a Zariya a 1911 don naɗin Sarki George na Biyar, a Kano a 1925 don Yariman Wales, a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. Gwamnatin Najeriya ta gaji wannan, ta shirya babban hawan daba a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977. Hawan bariki ma ɗan wannan zamani ne, domin asalinsa ziyarar sarki ce ga Razdan. Tun wajen 1907 kuma aka tura hakimai daga birni su zauna a gundumominsu, shi ya sa yau jama'ar hakimi ke shigowa Zariya daga Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi, maimakon su fito daga gidansa na cikin birni. A duk wannan tafiya ado ya yi ta ƙaruwa, amfani na raguwa. Lifidin da ake ɗinkawa don hawa ana duban launinsa da kyan ɗinkinsa, babu mai tambayar ko zai tare kibiya. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, wanda abin farin ciki ne ga dukkan masarautun da ke hawa, sai dai irin wannan karramawa tana kare bikin ne kamar yadda yake a yanzu.

Yadda ake gwada Maraton

Yaƙe-yaƙen Girka da Farisa sun faru ne a farkon ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A shekara ta 490 kafin Miladiyya, Sarki Dariyus na Farko ya aika runduna ta teku ta sauka a filin Maraton, mutanen Atina da na Plataya suka kore ta. Bayan shekara goma ɗansa Zarksis ya zo da kansa, ya fasa mashigar Tarmofili inda Sarkin Sparta Liyonidas ya mutu, ya ƙone Atina, sannan aka karya jiragensa a Salamis. A 479 aka ci sojojinsa na ƙasa a Plataya. Kusan duk abin da aka sani game da waɗannan ya fito ne daga Hirodotus, Bagirken da ya rubuta tarihinsu bayan shekaru da dama, ta hanyar tambayar tsofaffi da 'ya'yan waɗanda suka halarta. Ta wannan fuska aikinsa ya yi kama da na masu tattara tarihin baka a ƙasar Hausa, da ƙarfinsa da rauninsa. Shi ne ya ce dakarun Zarksis sun kai 1,700,000, adadin da babu masanin zamani da ya yarda da shi.

Wata magana tasa ce ta buɗe ƙofar gwaji. Ya ce mutanen Atina sun ruga da gudu zuwa sahun Farisawa a Maraton, tazarar da ta kai kimanin mita 1,500, suna ɗauke da makamansu. Sojan Girka na lokacin yana da kwalkwalin tagulla, da garkuwa mai da'ira ta itace da faɗinta ya kai kusan santimita 90, da dogon mashi, da rigar kariya. A shekarun 1970 malamai biyu a Amurka, Walter Donlan da James Thompson, suka ɗora wa ɗalibai nauyi suka sa su gudu suna riƙe da garkuwa a gaba. Suka ga cewa mutum ba zai yi wannan nisa a guje ya kuma iya faɗa ba, suka ce gudun bai wuce ƙarshen tazarar ba, inda kibiyar Farisawa ke iya kaiwa. Magana ta zauna haka har aka sake duban nauyin kansa. Tun ƙarni na 19 littattafai ke maimaita cewa kayan sojan Girka sun haura kilo 30. Peter Krentz, a littafinsa na 2010 kan Maraton, ya dogara da awon ainihin kayan da aka tono da na waɗanda masu kwaikwayo suka ƙera, ya nuna nauyin bai kai kilo 25 ba, ya ce gudun mai yiwuwa ne ga manomi da ya saba wahala. Har yau ba a daina gardama ba. Abin lura shi ne an fitar da gardamar daga kan takarda zuwa ma'auni da jikin mutum, inda kowa zai iya maimaita gwajin ya ga inda na farko ya yi kuskure.

Gwajin da ya fi kusa da lifidi shi ne na Gregory Aldrete a Jami'ar Wisconsin da ke Green Bay. Zane-zanen tukwanen Girka suna nuna sojoji sanye da rigar kariya ta lilin, amma ko ɗaya ba ta tsira ba, domin ba kasafai yadi ke jure shekara 2,500 ba. Aldrete da ɗalibinsa Scott Bartell suka tattara ɗaruruwan hotuna, suka samo lilin da aka saƙa da hannu, suka manna shi rufi-rufi, suka harbe shi da kibau irin na dā daga nisa daban-daban. Suka tarar kaurin da ya kai kimanin santimita ɗaya yana hana kibiya yin mummunan rauni, rigar kuma ta fi tagulla sauƙi da sanyi. An buga sakamakon a 2013. Wasu masana sun yi suka cewa babu tabbatacciyar shaida cewa Girkawa manna lilin suke yi, ƙila ɗinka shi suke. Sukar tana kan hanya, kuma tana nuna iyakar wannan fanni: gwaji na tabbatar da cewa abu zai yiwu, ba ya tabbatar da cewa haka aka yi.

A teku ma an yi irin wannan. A 1987 aka kammala jirgin Olympias, kwafin jirgin yaƙin Atina mai matuƙa 170 a hawa uku, aka gwada saurinsa da juyawarsa. A 2011 kuma masu kwaikwayo daga ƙasashe da dama suka taru a filin Maraton don cikarsa shekara 2,500, kowa da kayan da ya ƙera ko ya sa aka ƙera masa.

Akwai wani nau'in kwaikwayo da ya bambanta da wannan. A Oktoban 1971 Shah Muhammad Riza Fahlawi ya shirya gagarumin biki a kangon Fasifolis don cikar sarautar Farisa shekara 2,500, aka yi wa sojojin Iran shigar mayaƙan dauloli na dā, suka yi fareti a gaban shugabannin duniya. An yi bincike kan suturar, amma manufar nuna ƙarfin gadon sarauta ce. Hawan daba na 1956 da na 1977 sun fi kama da wannan fiye da aikin Aldrete. Nau'o'in biyu kowanne yana da hurumi, kuskuren shi ne a ɗauki fareti a matsayin shaidar tarihi.

Tambayoyin da lifidi da sulke ke jira

Zazzau tana da abin da masu binciken Girka za su so a ce suna da shi. Yaƙin doki ya ƙare a nan shekara 120 da 'yan kai da suka wuce, ba 2,500 ba. Akwai tsofaffin sulkuna da takubba a gidajen sarauta da gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano. Akwai maɗinka lifidi, da dukawa masu sirdi da linzami, da maƙera, da maharba da suka san itacen baka da kyauron kibiya. Rimi kuma na nan a tsaye a garuruwan Zazzau. Akwai rubuce-rubucen waɗanda suka yi yaƙin da hannunsu, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da nazarin Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan a wuri ɗaya a auna.

Tambayoyin a bayyane suke. Nawa ne nauyin cikakken lifidi na mahayi da na doki, a bushe da kuma bayan ya sha gumi? Daga wane nisa kibiyar bakan Hausa ke huda shi, kuma wane kauri ke tsayar da ita? Tsawon wane lokaci doki zai iya sukuwa da shi a zafin bazara? Amsoshin za su taimaka wajen fahimtar yaƙin Tabkin Kwatto na Yunin 1804, inda jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancinsu 'yan baka a ƙasa da dawaki ƙalilan, suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai 'yan lifidi. Hirodotus ya kawo labari mai kama da haka a gab da Plataya. Masistiyus, shugaban mahayan Farisa, yana sanye da sulke mai ɓawo a ƙarƙashin rigarsa, sara da suka ba su kama shi ba. Dokinsa aka harba, ya faɗo, aka soke shi a ido. A wurare biyun, raunin mahayi mai nauyin kaya yana ga dabbar da ke ɗauke da shi.

Kamanta ɓangarorin biyu yana buƙatar taka-tsantsan. Mahayan Farisa da na Girka ba su san likkafa ba. Mahayin Hausa yana da ita, yana da sirdi mai tudu gaba da baya da ke riƙe shi, da linzami mai kaifi da ke tsayar da doki nan take. Jahi da ake gani a ƙofar fada ta dogara ne da waɗannan uku, don haka ita kanta shaida ce kan abin da mahayi zai iya yi a fagen fama, kuma ta cancanci a yi nazarinta a matsayin dabara kafin a ɗauke ta ado kawai. Haka kuma ƙarfin Girkawa yana ga dakaru masu sahu kafaɗa da kafaɗa, na Hausa kuwa, a idon masu mulki aƙalla, yana ga doki. Ta tsarin runduna, Hausa ta fi kama da Farisa, wadda ta haɗa mahaya da 'yan baka masu fakewa bayan manyan garkuwoyin sanduna.

Waɗanda ba sa kan sirdi

Giɓi na biyu ya fi na farko nauyi. Girkawa ne suka rubuta tarihin yaƙinsu da Farisa, Farisawa ba su bar nasu bayanin ba. Saboda haka a tarukan masu kwaikwayo kusan kowa Bagirke yake son zama, 'yan Farisa sukan yi ƙaranci, ilimin suturarsu da dabarunsu ma bai kai na abokan gabarsu ba. Fim ɗin 300 da ya fito a 2007 ya kai wannan son kai matuƙa, ya mai da Farisawa dodanni, har gwamnatin Iran ta yi ƙorafi. A cikin Girkawan ma ana tuna 'yan Sparta 300 na Tarmofili, a manta da 'yan Tesfiya 700 da suka tsaya tare da su har mutuwa. A Plataya, Hirodotus ya ce kowane ɗan Sparta yana tare da bayi bakwai, wato 35,000 a bayan mutum 5,000. Ba kasafai ake ganin mai kwaikwayon waɗannan ba.

Hawa ma haka yake. A rundunar Hausa dakaru sun ninka mahaya: 'yan baka, 'yan karma, masu ɗaukar guzuri, masu yankan ciyawa, zagage. A hawa suna nan, amma a gefe, ido na kan mai alkyabba. Wanda babu shi sam shi ne mutumin da yaƙin ya faɗa wa.

A nan ne Ikara da Makarfi da Kudan suke da abin faɗa. Yankin yana kan iyakar Zazzau da Kano, hanyar fatake da ta runduna tsakanin biranen biyu ta ratsa shi, ƙasa ce ta noma mai yawan jama'a. Tsofaffin garuruwansa, irin su Likoro da Kudan da Paki, da ganuwa aka san su. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 hare-haren Ningi daga gabas da na Maraɗi daga arewa sun addabi ƙasashen Kano da Zazzau, daga baya na Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora suka ƙaru daga yamma. Ga manomin wannan yanki, yaƙi shi ne kururuwa da asuba, da gudu zuwa cikin ganuwa, da rufe ƙofa, da neman kuɗin fansar wanda aka kama a gona. Kariyarsa ganuwar ƙasa ce da gwalalo da sarƙaƙiyar ƙaya da ke hana doki kusantowa, da maharban gari a kan bango. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya adana wannan gefen labarin. Baba ta tashi ne a ƙauyukan kan wannan iyaka ta Kano da Zazzau, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashi 'yan gidansu da yadda aka yi ta fafutukar fanso su. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda Adamu Halilu ya mai da fim a 1976, shi ma ta wannan ƙofar ya shiga zamanin. Duk kwaikwayon yaƙin Zazzau da ya tsallake wannan ya nuna rabi ne, kuma rabin da ya fi daɗin kallo.

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a karkarar Hausa. A wasan kalankuwa bayan kaka, samari kan naɗa sarki da hakimai da alƙali su kwaikwayi mulki. A tashe yara na kwaikwayon halayen manya. Takkai rawa ce ta sanduna da ke koyar da kai bugu da tarewa cikin sahu, 'yan tauri da 'yan farauta kuma suna riƙe da kirari da kiɗan da ke zuga maza. Waɗannan su ne gadon dakaru, kamar yadda hawa yake gadon mahaya.

Sharuɗɗan aikin a wannan yanki

Matakin farko na auna ne da rubutawa, kuma shi ya fi gaggawa. Ganuwar ƙasa tana zaizayewa kowace damina, ana ɗibar ta don gini, gonakin rake da masara da tumatir suna cinye gwalalo. Sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa na Kaduna suna da ƙwarewar zana taswirar abin da ya rage da ɗaukar bayanan dattawa, tare da izinin masarauta da hakimai. Sanin tsawon ganuwa da yawan ƙofofinta zai ba da damar ƙiyasta maharba nawa ake buƙata don tsare ta, a kwatanta da nisan da bakan maharbin yankin ke kaiwa. Tsofaffin kayan da ke gidajen sarauta a auna su a inda suke. Gwajin harbi da sara a yi shi a kan kwafin da masu sana'a suka yi da kayan gargajiya, a rubuta kowane mataki yadda wani zai iya maimaitawa. Dafi ba shi da wuri a irin wannan aiki, kuma ba a gwada makami a jikin doki ko mutum.

Yanayin tsaro a Jihar Kaduna ya sa duk taron da ya ƙunshi makami, ko na dā ne, dole ya bi ta hannun hukuma. An sha dakatar da hawan sallah kansa a masarautun Arewa, saboda annobar korona a 2020 da kuma dalilan tsaro a wasu shekarun. Masu kwaikwayo a Turai suna amfani da masu marasa tsini da kibau masu kan roba, suna da alƙalan fili da ke tsayar da wasa, kuma ana iya ɗaukar wannan tsari kai tsaye.

Batu mafi wuya shi ne zaɓen abin da za a nuna. Maraton ya yi nisan da babu mai jin an taɓa kakansa. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ba haka suke ba. Gidajen sarauta huɗu na Zazzau, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, suna nan, Sarki Ahmed Nuhu Bamalli da ya hau a Oktoban 2020 daga zuriyar Malam Musa yake, dangin Makau kuma suna mulki a Suleja. Jikokin waɗanda aka kama da na waɗanda suka kama su suna cin kasuwa ɗaya a Makarfi. Shugabannin jihadi malamai ne da jama'a ba za su yarda a sa wani ya fito a siffarsu ba. Saboda haka ya fi dacewa a kwaikwayi yanayi maimakon wani sanannen yaƙi mai suna: yadda runduna ke yada sansani, yadda ake shirya ɗan lifidi a ɗora shi a kan doki, yadda gari ke rufe ƙofa idan an hango ƙura, yadda ake cinikin fansa. Irin wannan nuni yana iya gudana a filin makaranta a Ikara ko Hunƙuyi cikin makon sallah, bayan hakimi ya dawo daga Zariya, lokacin da dawaki da makaɗa da masu kaya suke a haɗe, a kuma ba maharba da masu ɗinkin lifidi damar yin bayanin sana'arsu da bakinsu.